Iri ne ko wuri? Muhawara kan abin da ke yanke amfanin alkama a Kebbi da Zamfara

Ɗan Zauro: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shukar alkama ta matso, gardamar bara kuma ta dawo. Iri ɗaya, daga buhu ɗaya, a shuka a Bakolori ƙwaya ta cika ido, a shuka a fadamar Argungu ta fito a motse kamar ba ita ba. Wasu na cewa an yi musu algus a iri, wasu na cewa ƙasar Kabi dama ba ta alkama ba ce. Masana ku raba mana gardama: iri ne ke yanke amfani, ko wuri?

Sarkin Noma: Wa alaikumus salam. Kafin a kama iri da laifi, a tambayi ranar da anka shuka. Bakolori ruwan dam ne, tun 1978 da anka gama shi kusa da Talatar Mafara, in an saki ruwa mutum na iya shuka tsakiyar Nuwamba. Fadamar Argungu da Augie kuwa sai ruwan gulbi ya janye, sai an yanke shinkafa, sai laka ta sha iska ta yarda da garma. Kafin nan Disamba ta yi nisa, wani ma sai Janairu. Wanda ya shuka 20 ga Nuwamba da wanda ya shuka 5 ga Janairu ba noma ɗaya sunka yi ba, ko da buhu ɗaya sunka raba.

Dakta Mai Alkama: Ranka ya daɗe Sarkin Noma, ka kama bakin zaren. Amma tambayar da kanta tana da gyara. Ba a cewa iri ko wuri, domin abu uku ne. Akwai abin da iri ya gado. Akwai muhalli, kuma idan masu inganta iri suka ce muhalli ba gari kawai suke nufi ba: ranar shuka, irin ƙasa, ban ruwa, taki, zafin dare, duk suna ciki. Na ukun shi ne cuɗanyar biyun, wato yadda wani iri ke amsa wani muhalli daban da yadda ɗan'uwansa zai amsa.

Don a ga inda kowanne ke shiga, a warware amfanin gona gida uku: yawan zangarniya a murabba'in mita ɗaya, yawan ƙwaya a kowace zangarniya, da nauyin ƙwayar. A ɗauki misali. Zangarniya 300, kowace da ƙwaya 35, nauyin ƙwaya dubu giram 38. Ƙwaya 10,500 ke nan a mita ɗaya, nauyinsu giram 399, kusan tan 4 a hekta, buhu 40 mai kilo ɗari. To iri ɗayan nan a shuka shi a makare: zangarniya 280, ƙwaya 28, nauyin dubu giram 30. Ya koma giram 235, tan 2.35. Babu abin da ya canza a gadon irin. Kowane gida ya ɗan rage ne, da aka ninka su sai ramin ya yi zurfi.

Ɗan Zauro: To Dakta ai ka ba Sarkin Noma gaskiya ke nan. Wuri da lokaci ne, iri ɗan rakiya ne.

Dakta Mai Alkama: A'a Malam, ban ce haka ba. Gaskiya ne idan aka gwada iri da yawa a wurare da yawa, kaso mafi girma na bambancin amfani daga muhalli yake fitowa. Amma manomi ba ya iya sauya garinsu, ba ya iya hana zafin Maris zuwa. Iri kuwa yana hannunsa. Kuma inda gizo ke saƙa shi ne jerin gwanaye yana juyawa. Iri mai jinkirin fidda kai, in ya samu shukar Nuwamba, yana da kwanakin yin 'ya'ya da gina babbar zangarniya, sai ya doke mai sauri. A kai su biyun shukar ƙarshen Disamba, mai saurin ya fidda kai ya cika ƙwaya kafin zafi ya yi tsanani, mai jinkirin ya yi fure cikin zafi ya koma baya. Wanda ya zo na ɗaya a can ya zo na ƙarshe a nan. Shi ya sa "wane iri ya fi kyau" tambaya ce marar ƙafa sai an ƙara da "a ina, kuma yaushe".

Ɗalibin Noma: Malam, a littattafai ana raba alkama gida biyu, ta hunturu da ta bazara, bisa lokacin shuka na ƙasashen Turai. Tamu wacce ce a ciki, tunda mu da hunturu muke shukawa?

Dakta Mai Alkama: Sunan ne ke rikita mutane. Akwai alkamar da ba ta fidda kai sai ta sha sanyi mai tsanani, kusa da daskarewar ruwa, na makonni huɗu zuwa takwas. Ita ce ta hunturu, ita ake shukawa kafin ƙanƙara a Turai da Amurka. In ka kawo ta Birnin Kebbi ganye za ta yi ta yi kamar ciyawa har zafi ya ƙone ta. Ɗayar ba ta buƙatar wannan sanyin, a can bayan ƙanƙara ta narke ake shuka ta, ita ce tamu. Bambancin yana wajen ƙwayar gado da ake kira Vrn-1.

Akwai ta biyu mai muhimmanci a wurinmu, Ppd-D1, mai kula da tsawon yini. Asalin alkama tana son dogon yini kafin ta fidda kai, mu kuwa a Disamba yininmu bai wuce awa 11 da rabi ba. Irin da ake nomawa a nan ba ruwansu da tsawon yini, kuma hakan ya samo asali ne daga aikin Norman Borlaug, masanin inganta irin alkama, a Mekziko. Yana shuka zuriya ɗaya a Obregon, ƙasa-ƙasa kusa da teku da ban ruwa, ya kwashi irin ya haura Toluka, tudu mai tsayin mita 2,600, ya sake shukawa da damina. Zuriya biyu a shekara, kuma duk layin (wato dangin iri da ake gwadawa) da bai iya wuraren biyu ba ya faɗi da kansa. Mafi yawan irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, irin su Norman, Reyna-28, Atilla Gan Atilla, Pastor da Kauz, tushensu daga cibiyoyin binciken noma na duniya ne, CIMMYT ta Mekziko ko ICARDA.

Injiniyan Ruwa: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ana ta maganar zafi kamar daga sama kawai yake saukowa. Zafin da ma'auni ya nuna daban, zafin da ganye ke ji daban. Alkamar da ke da danshi a saiwa tana fitar da ruwa ta ganye tana sanyaya kanta, sai ka tarar jikinta ya fi iskar wurin sanyi da 'yan digiri. Wadda ta ji ƙishi ta rufe ƙofofin ganye, zafin ya hau kanta gaba ɗaya. Gona biyu maƙwabta, rana ɗaya, iri ɗaya, amma muhalli biyu.

Alkama na shan ruwa tsakanin milimita 450 zuwa 650 a kaka ɗaya, kuma milimita ɗaya a hekta lita dubu goma ce, mai injin ban ruwa ya yi lissafin mai da wannan. A ƙasa mai yashi ana komawa duk kwana 5 zuwa 7, a laka kwana 8 zuwa 10. Ruwan da ba a wasa da shi: na wajen kwana 21 bayan shuka lokacin da saiwoyin gindi ke fitowa, na lokacin da ta yi ciki, na fure, da na lokacin da ƙwaya ke madara. Wanda ya tsallake na kwana 21 ya rage zangarniya. Wanda ya tsallake na ciki da fure ya rage yawan ƙwaya. Wanda ya tsallake na madara ya rage nauyi. In aka ba ni damin alkama na ƙirga gidajen nan uku da Dakta ya faɗa, zan iya nuna makon da aka yi sakaci.

Sai kuma kishiyar ƙishi. Masu fitowa daga noman shinkafa hannunsu ya saba da cika fangali. Alkama ba shinkafa ba ce. Ruwa ya kwana biyu a fangalin laka, saiwa ta rasa iska, ganyen ƙasa ya yi rawaya, mutum ya ɗauka yunwar taki ce ya ƙara yuriya, ya yi asara biyu.

Sarkin Noma: Injiniya wanga zance naka gaskiya ne, amma ruwa ba ya sayen hunturu. In fure ya faɗa mako na biyu na Maris, ko gulbin Rima ka juyo cikin gonar ƙwaya sai ta motse.

Injiniyan Ruwa: Ban musa ba Baba. Rage asara yake yi, ba ya goge ta.

Dakta Mai Alkama: Ku duka kuna kan hanya, bari in sa adadi. Alkama ta fi son fure da cikar ƙwaya a wajen digiri 20 zuwa 22. In zafin rana ya haura 31 ko 32 a kwanakin da ke gab da fure, garin furen namiji yana lalacewa, wasu gurabe a zangarniya su tashi fanko. Bayan fure kuma zafi na yin ɓarna biyu: yana gajarta kwanakin cika ƙwaya, yana kuma raunana sinadarin da ke mayar da sukari ya zama sitaci a cikinta. Kiyasin da aka fi yarda da shi a duniya shi ne duk ƙarin digiri ɗaya a matsakaicin zafin kaka yana cin kusan kashi 6 cikin ɗari na amfani.

Ita alkama ba kwanaki take ƙirgawa ba, zafi take tarawa. Kowane sabon ganye na buƙatar tarin digiri wajen ɗari. In matsakaicin yini 20 ne, ganye ɗaya a kwana biyar. In 25 ne, kwana huɗu. To shukar 20 ga Nuwamba za ta fidda kai wajen kwana 60, ƙarshen Janairu bai yi ba, ta cika ƙwaya cikin Fabrairu. Shukar Janairu tana gudu ne tun daga farko, ta fidda kai tana ƙarama, ta yi fure a bakin Maris, watan da zafi a yankin nan ke doshin 40.

A nan ne maganar "ƙasar Kabi ba ta alkama ba ce" take da ɗan ƙamshin gaskiya. Birnin Kebbi ba ta kai mita 300 bisa teku ba, Kano na wajen 480, kuma duk hawan mita ɗari zafi na sauka da fiye da rabin digiri. Ba wai alkama ba ta yi a Kebbi ba ne, ƙofar shukarta ce ta fi ƙunci. Jinkirin mako biyu da Kadawa ta Kano za ta yafe, Zauro ba lalle ta yafe ba. Gezira ta Sudan ma zafi gare ta, kuma suna noma ta da iri masu jure zafi irin su Imam.

Hajiya Mai Iri: Sannunku da ƙoƙari. Kada dai a wanke iri tas, domin masu ƙorafin algus ba duka ne ke kame-kame ba. Sai dai a bambance abu biyu: gadon iri, da lafiyar ƙwayar da ke cikin buhu. Alkama da kanta take yi wa kanta barbara, cuɗanya da maƙwabciya kaɗan ce ƙwarai, don haka ba ta rikiɗa kamar masara. Abin da ke ɓata ta gauraya ce a wajen sussuka, a buhu, a kasuwa. In ka ga gona hawa biyu, wasu tsirrai sun fi sauran tsawo da taƙi guda, wasu sun nuna wasu na kore, an gauraya. A tuge baƙin tun suna fidda kai, kafin girbi, in dai gonar iri ce.

Na biyu ajiya. Ana girbi a Maris, ba a shuka sai Nuwamba, wata takwas ke nan, damina duka a ciki. Ƙwayar da aka ɗaure da danshi sama da kashi 12 tana mutuwa a hankali, ga ƙwarin rumbu. A shanya sosai, a zuba a buhu mai leda a ciki wanda iska ba ta shiga, a ɗora kan katako. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya ɗari daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba, a jera a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, a ƙirga masu tsiro a rana ta takwas. In sun kai 85 lafiya. In 70 ne a ƙara yawan iri. In ƙasa da haka a kai shi injin niƙa a yi funkaso da alkaki, ya fi amfani a can.

Ɗan Zauro: Hajiya, motsattsiyar ƙwayar da zafi ya taɓa fa? In an mayar da ita iri, 'ya'yanta ma motsattsu za su fito?

Hajiya Mai Iri: A'a ɗan'uwa. Motsewar zafi ba a gadonta. In an shuka ta kan lokaci ƙwaya cikakkiya za ta bayar. Matsalarta guzurinta kaɗan ne, tsironta siriri, in an binne ta da zurfi ba ta iya fitowa. A tankaɗe a cire ƙananan. Kuma a lura da lissafi: ba kilo ake shukawa ba, ƙwaya ake shukawa. In ana son ƙwaya 300 a murabba'in mita, iri mai nauyin giram 40 a dubu zai ci kilo 120 a hekta, mai giram 32 kuwa kilo 96 ya isa. Wanda ya zuba kilo ɗaya ga duka biyun sannan ya kwatanta su, bai yi musu adalci ba.

Malamin Gona: Maganar zurfi ta tuno mini abin da ake yawan mantawa. Irin zamani gajeru ne, santimita 70 zuwa 90, saboda ƙwayoyin gadon gajarta da aka samo daga wata alkamar Japan mai suna Norin 10. Gajartar ce ta sa suke ɗaukar taki ba su kwanta ba, kuma kusan rabin nauyin tsiron ke tafiya ƙwaya maimakon kara. Amma wannan gadon yana gajarta kuben da ke rako tsiro daga ƙasa. Saboda haka zurfin shuka santimita 3 zuwa 5, ba ƙari. Masu watsa iri sannan su bi da haro, wata ƙwayar na sama tsuntsu ya tsince, wata na santimita 8 ta mutu a ciki. A ja layi, santimita 20 tsakani.

Taki kuma, ga hekta: buhu biyar na kamfa 15-15-15 lokacin shuka, kowane buhu na ɗauke da kilo 7.5 na kowane sinadari, ya ba da 37.5. Sai yuriya buhu uku da rabi, kowane kilo 23 na naitirojin, a raba biyu, rabi a mako na uku bayan cire ciyawa, rabi a mako na shida lokacin da kara ya fara gaɓa. Jimla wajen kilo 118. Yuriyar da aka zuba bayan ta fidda kai ba ta ƙara zangarniya ko ɗaya.

Sarkin Noma: Wanda ya makara fa Malam? Mu abin da munka sani, mai shukar ƙarshen Disamba ya ƙara iri, don alkama ba ta samun zarafin yin ɗiya. Daga kilo 120 ya kai 140 ko 150.

Malamin Gona: Haka ne Baba, yana taimakawa, amma da iyaka. Gidajen nan uku suna cin juna: in zangarniya ta yi yawa kowace sai ta ƙanƙance, karan ya yi siriri, ban ruwa ɗaya a ranar iska ya kwantar da gonar. Kuma ni ban ga hikimar zuba cikakken taki a shukar Janairu ba, domin zafi ya riga ya sa mata rufi, takin ba zai fasa shi ba.

Dakta Mai Alkama: A nan na ɗan saɓa da kai Malam. A rage, e, amma kada a rage na farko. Mai makara yana buƙatar tashi da ƙarfi ya rufe ƙasa da wuri. Na mako shida ne za a taɓa, kuma a matso da shi, tunda ita ma ta matso da gaɓarta.

Ɗalibin Noma: Malam, in muhalli na da wannan ƙarfin, ta yaya mai inganta iri zai san layin da ya zaɓa gadonsa ne ya yi kyau ba kusurwar gonar ba? Ƙarfin gado da ake lissafawa ya kan rikita ni.

Dakta Mai Alkama: Ƙarfin gado shi ne kason bambancin da ka gani wanda ya fito daga gado. Kwanakin fidda kai, tsawon kara da nauyin ƙwaya dubu suna da ƙarfin gado sosai, ko a wuri ɗaya ka auna ba ka cika yin kuskure ba. Yawan 'ya'ya da jimlar amfani kuwa rauni gare su. Shi ya sa a zuriyoyin farko, daga ta biyu zuwa ta huɗu, ake zaɓe da ido kan tsawo, lokacin nuna, cikar ƙwaya da juriyar cutar tsatsa, a bar awon amfani sai layi ya daidaita wajen zuriya ta biyar ko ta shida, an samu irin da zai cika fuloti, wato ɗan filin gwaji.

Ga lissafin da zai warware maka, da adadin misali. A ce bambancin gado 10 ne, na cuɗanyar iri da muhalli 20, na kuskuren fuloti 30. Na cuɗanya ana raba shi da yawan wurare, na kuskure da yawan fuloti duka. Sai a raba na gado da jimlar ukun. Wuri ɗaya, maimaici uku, wato fuloti uku ga kowane iri: 10 bisa jimlar 10 da 20 da 10 (30 raba uku), wato kashi 25 cikin ɗari. Ka ce bari in ƙara ƙoƙari, wuri ɗaya maimaici goma sha biyu: 10 bisa 32.5, kashi 31. Ka ɗauki fuloti goma sha biyun nan ka raba su wuri huɗu, uku-uku: 10 bisa 17.5, kashi 57. Aiki ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, amma amincin zaɓen ya kusa ninkawa. Maimaici a wuri ɗaya kuskure kawai yake ragewa, ba ya taɓa cuɗanya. Ita sai an ƙara wurare, shekaru, ko ranakun shuka.

Hanyoyin AMMI da GGE da kuke gani a kwamfuta aikinsu ke nan, su zana maka wane iri ya ci a wane rukunin wurare, wane ne kuma bai cika tangaɗi ba. Sai dai a yi hattara da kalmar "tsayayye". Irin da ke ba da tan 2 ko'ina tsayayye ne, amma ba mai son sa.

Ɗan Zauro: To mu da ba mu da kwamfuta, ƙungiyar manoma za ta iya gwada wannan da kanta?

Malamin Gona: Ƙwarai kuwa, in za a bi ƙa'ida. A ɗauki iri huɗu ko biyar, ciki har da wanda aka saba da shi don ya zama ma'auni. Kowane fuloti layi shida, tsawon mita biyar, santimita 20 tsakani, murabba'in mita 6 ke nan, iri wajen giram 12 a kowane layi. A yi jeri uku, kowane jeri ya ƙunshi duka irin. Jerin farko kusa da bakin ruwa, na biyu tsakiya, na uku can ƙarshe inda ruwa ke isa a gajiye, don kowane iri ya ɗanɗani gaba da baya. Wurin kowane iri a cikin jeri kuwa ƙuri'a za a yi, a rubuta sunaye a takarda a zuba cikin hula a ɗebo. In aka bar mutum ya zaɓa, irin da yake so zai kai wuri mai kyau ko bai yi niyya ba.

Ranar girbi a bar layin gefe biyu, a bar rabin mita a kowane kai, domin na gefe suna cin haske da takin da ba nasu ba. Abin da ya rage layi huɗu, mita huɗu, murabba'in mita 3.2. In ya ba da kilo 1.2, giram 375 ke nan a mita, tan 3.75 a hekta. A shanya duka tare kafin awo. Kilo 10 mai danshi kashi 16, in ya sauka 12, kilo 9.55 ne, wannan kaɗai ya isa ya ba mai jinkirin nuna nasarar ƙarya.

Sarkin Noma: Kun manta jan-baki. Irin da ya riga sauran nuna shi kaɗai tsuntsu ka taru a kai, a zo awo a ce bai da amfani, alhali shi ya ciyar da tsuntsun gari. A sa yaro tsaro tun ƙwaya na madara, ko a rufe da koma.

Malamin Gona: Allah ya ja kwana Baba, wannan ya kashe gwaji da yawa. Ɓera ma haka. A rubuta duk fulotin da aka yi wa ɓarna, kada a haɗa shi cikin lissafi a yi shiru.

Hajiya Mai Iri: A ƙara da awon abin da mai saye ke dubawa. Kamfanonin fulawa nauyin mudu suke kallo, cikakkiyar ƙwaya ta fi ba da gari. Alkamar da zafi ya matse kason furotin ɗinta kan hau, amma ba don ta ƙaru ba, sitacin ne ya ragu, kuma dusa ta fi yawa. Mata masu taliya da alkubus tun a tafin hannu suke gane ta. Tiya ɗaya daga kowane fuloti, a share baki, a ɗora a sikeli, a rubuta.

Injiniyan Ruwa: Wani abu kan zaɓen wuraren gwajin. Kada a ɗauki gonaki huɗu duk a sashe ɗaya na Bakolori a ce wuri huɗu ne, wuri ɗaya ne sau huɗu. A nemi masu bambanci na gaske: laka mai ruwan kanal a Mafara ko Bakura, fadama mai rijiyar burtsatse a Argungu ko Augie, ƙasa mai yashi-yashi wajen Jega, in da hali da wadda kanwa ta fara fitowa a kanta. Tun hana shigo da alkama a 1987 har zuwa shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, duk lokacin da aka tashi haɓaka alkama maganar iri ce ke gaba. Amma kowane shiri ne, in iri da taki sun isa hannun manomi bayan tsakiyar Disamba, to ba irin aka gwada ba, makara aka gwada.

Ɗan Zauro: Na fahimta. Saura ranakun shuka na gwajin, sau nawa, kuma tazarar kwana nawa?

Dakta Mai Alkama: Biyu sun isa a shekarar farko: ɗaya tsakanin 15 da 25 ga Nuwamba, ɗaya wajen 20 zuwa 25 ga Disamba, tazarar wata guda. Kowace rana da filinta daban da fangalinta daban, domin ban ruwansu ba zai zo ɗaya ba, in aka cusa su wuri guda ruwan ƙaramar zai jiƙa babbar lokacin da take bushewa. A kowane fuloti a rubuta ranar da rabin tsirrai suka fidda kai, ranar da wuyan zangarniya ya koma ruwan ƙasa, yawan zangarniya a layi mai tsawon mita ɗaya, ƙwayoyin zangarniya goma da aka tsinka ba zaɓe, da nauyin ƙwaya dubu. Tazarar da ke tsakanin ranar fidda kai da ranar da wuya ya koma ruwan ƙasa ita ce kwanakin cika ƙwaya, a duba wane iri ne nasa suka fi raguwa a shuka ta biyu, da wanda nauyin ƙwayarsa ya fi riƙewa. In bambancin iri biyu bai kai bambancin da ke tsakanin fuloti uku na iri ɗaya ba, kada a ce wani ya ci. A sake shekara ta biyu da irin da aka ajiye daga shukar Nuwamba, ba ta Disamba ba.